Lungunan Bayan Gidajen Jere A Ingila: Tarihinsu Da Yadda Mazauna Ke Kallon Su

Lungun baya wata siririyar hanya ce da ke ratsawa tsakanin layuka biyu na gidajen da suka ba juna baya, a tsofaffin unguwannin ma'aikata na biranen Birtaniya. Gidajen da ake nufi su ne waɗanda aka gina a jere, kowanne bangonsa manne da na maƙwabcinsa, fasali ɗaya, tsayi ɗaya, tun daga wannan bakin titi har zuwa wancan. Su za a riƙa kira gidajen jere a wannan maƙala. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa kimanin kashi 23 cikin 100 na iyalan Ingila da Wales a irin waɗannan gidaje suke zaune, wato iyalai sama da miliyan 5 da rabi. Ba kowane jere ke da lungu a bayansa ba, amma a biranen masana'antu irin su Manchesta, Salford, Libapul, Hull, Middlesbrough da Newcastle, da wuya a shiga tsohuwar unguwa ba a tarar da shi ba.

Bakin mazauna bai zo ɗaya ba a kan wannan lungu. Akwai wanda yake tuna shi a matsayin filin wasan ƙuruciya da dandalin hirar maƙwabta. Akwai wanda ba ya ganin komai a cikinsa sai juji da hanyar ɓarawo. Akwai kuma wanda ya share shi, ya jera tukwanen furanni, ya mayar da shi lambu. Idan aka bi tarihin wurin, za a ga cewa abubuwa biyu ne suke juya ra'ayin mutane a kansa: ko lungun yana da wani aiki da yake yi musu, da kuma ko an san wanda alhakin kula da shi ya rataya a wuyansa.

Siffarsa da sunayensa

Gidan jere na gargajiya bene ne mai hawa ɗaya, na jan bulo, ɗaki biyu a ƙasa, biyu a sama. Ƙofarsa ta gaba tana buɗewa ne kai tsaye a kan titi, ko a kan ɗan fili da bai wuce taku biyu ba. A baya akwai ƙaramar tsakar gida da aka kewaye da katanga mai tsayin mutum, da ƙofar katako da ke fita zuwa lungu. Saboda haka mai tafiya a cikin lungun ba ya ganin fuskar gida ko ɗaya. Katanga ce dama da hagu, sai ƙofofi a rufe, sai kwata a tsakiyar daɓe tana jan ruwan sama.

Faɗin lungun ya danganta da gari. A Libapul akwai mai ƙafa 4, wanda mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya raɓe, akwai kuma mai ƙafa 9. A Hull ana kiran sa “tenfoot”, wato ƙafa goma, kimanin mita 3, gwargwadon yadda keken doki zai wuce. A yankin Newcastle lungunan sun fi faɗi, har mota tana bi.

Kusan kowane yanki da sunan da yake kiran irin waɗannan hanyoyi, kuma mutanen Ingila kan gane garin mutum daga kalmar da ya furta. A Manchesta da kewaye “ginnel” ake cewa, a wasu sassan Yorkshire “snicket”, a Sheffield “gennel”, a Libapul “entry” ko “jigger”, a Leicester da Derby “jitty”. Wasu daga cikin sunayen sun haɗa har da ɗan ratsen da ke bi ta tsakanin gida biyu daga titi zuwa baya. Daɓen ma yana da tarihinsa. A Middlesbrough da Darlington da York, an shimfiɗe lunguna da yawa da wani bulo mai launin shuɗi-shuɗi wanda aka fara yi a shekarun 1870 daga kashin maƙera na manyan masana'antun narka ƙarfe na yankin kogin Tees.

Dalilin da ya sa aka yi shi

A Hausa, “bayan gida” na nufin wurin da ke bayan gini, yana kuma nufin makewayi. Ma'anonin biyu sun haɗu a tarihin wannan lungu, domin saboda makewayi aka yi shi.

A farkon ƙarni na 19, masaƙu da ma'adinan kwal da tashoshin jiragen ruwa sun kwaso mutane daga ƙauyuka zuwa birane. Manchesta da ke da mutum kimanin 75,000 a 1801 ta haura 300,000 a 1851. Magina suka shiga cusa gidaje a ɗan fili domin riba. Mafi arha shi ne gidan da ya haɗa bangon baya da wani gidan, ba ƙofar baya, ba tagar baya, iska ba ta ratsawa, iyalai da dama kuma suna tarayya a masai ɗaya. Annobar kwalara da ta ɓulla a Sunderland a 1831 ta bazu cikin ƙasar a shekarar da ta biyo baya. A 1842 Edwin Chadwick ya fitar da rahotonsa a kan yanayin tsaftar ma'aikata, wanda ya danganta yawan mace-mace da ƙazanta da cunkoso. A 1845 Friedrich Engels ya wallafa littafinsa a kan halin da ma'aikatan Ingila ke ciki, inda unguwannin Manchesta suka sami babban kaso.

Daga nan dokoki suka biyo baya. Manchesta ta hana gina sababbin gidaje masu haɗa bangon baya a 1844. An yi Dokar Lafiyar Jama'a ta farko a 1848, sai kuma ta 1875 wadda ta ƙarfafa ikon hukumomin birane na kafa ƙa'idojin gini. Samfurin ƙa'idojin da gwamnati ta fitar a 1877 ya tanadi titi mai faɗin ƙafa 36, da fili marar gini na aƙalla murabba'in ƙafa 150 a bayan kowane gida. Dokar 1909 ce ta haramta gidaje masu haɗa baya a ƙasar baki ɗaya, ko da yake birnin Leeds ya ci gaba da gina waɗanda aka riga aka amince da tsarinsu har zuwa 1937.

Da kowane gida ya sami tsakar gidansa ta baya, sai aka gina masai da ramin toka a jikin katangar ƙarshe, nesa da ɗakunan kwana. Sai dai a lokacin yawancin masan ba na ruwa ba ne, dole sai an kwashe. Garin Rochdale ya yi suna da tsarin bokiti, inda ma'aikata ke zagayawa su ɗauke cikakken bokiti su ajiye wankakke. Tunda ba za a ratsa falon mutane da irin wannan kaya ba, sai aka bar hanya a baya, aka kuma yi 'yar ƙofa a ƙasan katanga wadda masu kwasa ke buɗewa daga waje, galibi cikin dare. Ta wannan hanyar dai mai sayar da kwal ke sauke buhunansa, ta nan kuma ake kwashe toka.

Zamanin da lungu ke cike da jama'a

Abin da aka yi domin ƙazanta sai ya zama wurin zaman jama'a. A al'adar waɗannan unguwanni, ƙofar gaba ta baƙo ce: likita, limamin coci, mai karɓar kuɗin haya, ranar biki da ranar fitar da gawa. Matan gida kan goge dokin ƙofar da wani farin dutse domin a shaida tsaftarsu, falon gaba kuma a rufe yake sai ranar Lahadi ko an yi baƙi. Harkar yau da kullum kuwa ta baya ake yin ta. Maƙwabciya ta ƙofar baya take shigowa aron sukari. Ma'aikacin da ya taso daga ramin kwal ko masana'anta ta nan yake shiga da dauɗar jikinsa.

Litinin ce ranar wanki, kuma a arewa maso gabashin Ingila akan ɗaura igiyoyin shanya daga wannan katanga zuwa waccan, su tare lungun gaba ɗaya. Mai keken kwal da ya kuskura ya shigo ranar sai ya sha faɗa. Yara kuma nan ne filinsu na ƙwallon ƙafa da kurket da tsallen igiya, babu mota, kuma iyaye mata suna jin muryarsu daga kicin. Masu ɗaukar hoto irin su Shirley Baker a Manchesta da Salford, da Sirkka-Liisa Konttinen a unguwar Byker ta Newcastle, sun adana kamannin wannan rayuwa a shekarun 1960 da 1970, daidai lokacin da ake rushe unguwannin. Wasan kwaikwayon talabijin na Coronation Street, wanda aka fara nunawa a watan Disamban 1960 kuma har yau ana yi, an gina labarinsa ne a kan irin wannan layi, da lungunsa a baya inda ake tsegumi da ganawar sirri.

Wannan ne tushen begen da dattawa ke yi wa lungun. Amma tunanin baya yakan tace abu ya bar mai daɗi. Wurin yana da wari lokacin zafi, da ƙudaje da ɓeraye, kuma fita masai a tsakar dare cikin sanyin hunturu ba abin marmari ba ne. Haka nan idon maƙwabta da ke tsare yaro shi ne kuma ke ƙirga wanda ya shiga gidan wane. Abin da ba a musu a kai shi ne, a wancan zamani lungun ba ya rabuwa da ƙafar mutane, kuma kowace mace ta san iyakar inda za ta share.

Yadda aikinsa ya ƙare

A cikin ƙarni na 20, ayyukan lungun suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Masai na ruwa ya maye gurbin bokiti, masu kwasar dare suka ɓace. Bayan baƙin hazon hayaƙi da ya kashe dubban mutane a Landan a watan Disamban 1952, an yi Dokar Tsaftar Iska ta 1956, wadda ta ba birane ikon hana ƙona kwal mai hayaƙi a unguwanni. Tsakanin 1967 da 1977 aka mayar da gidajen ƙasar kan iskar gas, wadda aka gano a Tekun Arewa. Mai kwal ya rage zuwa, toka ta ƙare. Dokar Gidaje ta 1969 ta faɗaɗa tallafin da ake ba masu tsofaffin gidaje domin su yi banɗaki a cikin gida. Injin wanki ya rage shanya a waje, talabijin ta janye yara zuwa ɗaki, mota kuma da ake ajiyewa a kan titi ta sa kowa ya koma shiga ta ƙofar gaba.

A daidai wannan lokaci aka rushe dubban ɗaruruwan gidajen jere da sunan kawar da unguwannin talauci, aka kwashe mutane zuwa dogayen benaye da sababbin rukunin gidaje a bayan gari. Unguwannin da suka tsira kuma mazaunansu suka canja. Masaƙu da ma'adinai sun rufe, iyalan da suka yi shekaru hamsin a layi ɗaya suka watse, gidaje da yawa suka koma hannun masu ba da haya. Lungun ya rage da aiki ɗaya tak, wato ajiye mazubin shara.

Na wane ne?

A nan ne babbar matsalar take. A dokar Ingila, hanyoyi iri biyu ne: wadda hukuma ta karɓa, take gyara ta da kuɗin jama'a a ƙarƙashin Dokar Hanyoyi ta 1980, da wadda ba ta karɓa ba. Lunguna masu yawa suna cikin kashi na biyu. Irin waɗannan, a bisa ƙa'ida, gyaransu yana kan masu gidajen da ke jikinsu, sau da yawa kowa zuwa tsakiyar lungun daga katangarsa. Wasu kuma maginin da ya yi unguwar shekaru 130 da suka wuce bai sayar da su ga kowa ba, kuma ba a san magadansa ba.

Mazauna da dama ba su san wannan bambanci ba sai ranar da daɓe ya rufta ko kwata ta toshe. Su a ganinsu, tunda suna biyan harajin majalisar birni, gyaran lungu aikinta ne. Majalisa kuma ta duba rajistarta ta ce ba nata ba ne. Mai gidan haya yana wani gari, ɗan haya kuma ya san bara ba ya nan, baɗi ma ba lallai ya kai ba. Haka wurin da kowa ke da haƙƙin bi ya zama babu mai ɗaukar tsintsiya dominsa.

Shara da tsoro

Ƙorafin da ya fi yawa a bakin mazauna shi ne jibge shara ba bisa ƙa'ida ba. Alƙaluman gwamnati sun nuna cewa majalisun Ingila sun yi fama da irin wannan laifi har sau miliyan 1.15 a shekarar 2023 zuwa 2024, kuma kashi 60 cikin 100 sharar gida ce. Lungunan baya suna da gurbinsu na musamman a cikin wannan ƙididdiga. Tsohuwar katifa, mataccen firji, ɓaraguzan gini da baƙaƙen ledoji su ne kayan da aka saba gani. Wani lokaci baƙo ne ke shigowa da mota cikin dare ya sauke, wani lokaci kuma na gida ne, musamman a ƙarshen zangon karatu a unguwannin ɗalibai irin su Fallowfield a Manchesta da Hyde Park a Leeds, lokacin da 'yan haya ke tashi. Tun daga 2023 majalisa na iya cin tarar mai laifin har fam 1,000 nan take, amma kama shi a wurin da babu mai kallo ba abu ne mai sauƙi ba.

Mazubin shara mai taya, wanda ya yaɗu daga shekarun 1980, ya ƙara dagula lamarin. Motar kwasar shara ta zamani ba ta shiga lungu mai ƙafa 4, gida ɗaya kuma yana iya samun mazubi uku ko huɗu saboda rarraba shara. Wasu birane sun koma ajiye manyan mazubai na tarayya a bakin lungu, abin da wasu mazauna suka yi maraba da shi, wasu kuma suka ce gayyatar juji ce. A 2022 Libapul ta fara binne manyan mazubai a ƙarƙashin ƙasa a wasu unguwannin gidajen jere.

Ƙorafi na biyu shi ne tsaro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma lungun da babu fitila, babu taga mai kallonsa, ga mafita ta kowane ɓangare, ya dace da bukatar mai fasa gida. Yana haura katanga, ya ɓalle ƙofar kicin, ya fice ba wanda ya gan shi daga titi. Ban da sata, mazauna na kokawa da masu shaye-shaye da dillalan ƙwaya da masu cinna wa shara wuta. Mata da tsofaffi da yawa ba sa bin lungun bayan faɗuwar rana. Masana tsara birane sun daɗe da bayyana dalili. Jane Jacobs a littafinta na 1961 ta nuna cewa idanun mazauna da masu wucewa su ne ke tsare titi, Oscar Newman kuma a 1972 ya yi bayanin cewa wurin da mutane ba sa jin nasu ne, ba sa kare shi.

Ƙofar ƙarfe

Maganin da ya fi karɓuwa tun daga shekarun 1990 shi ne sanya doguwar ƙofar ƙarfe a kowane bakin lungu, a raba makullai ga gidajen da ke jikinsa, a kuma tanadi hanyar shigar masu kwasar shara da 'yan kwana-kwana. Libapul ce ta fi yin fice a wannan aiki. Wani bincike da Kate Bowers da Shane Johnson da Alex Hirschfield suka wallafa a 2004, bayan nazarin ƙofofi sama da 3,000 a birnin, ya gano cewa fasa gidaje ya ragu da kimanin kashi 37 cikin 100 a wuraren da aka rufe, har ma unguwannin da ke kusa sun ɗan amfana. Wani nazarin da Aiden Sidebottom da abokan aikinsa suka wallafa a 2018, wanda ya tattara sakamakon bincike daban-daban, ya tabbatar da raguwar, bai kuma sami wata hujja mai ƙarfi ta cewa laifin yana komawa layin gaba ba ne kawai.

Doka ma ta bi sahu. Da farko rufe lungun da jama'a ke da haƙƙin bi yana da wahala ƙwarai. Dokar tsaftar unguwanni ta 2005 ta ba majalisu ikon ba da umarnin sa ƙofa, sannan dokar 2014 ta maye gurbinsa da umarnin kare wuraren jama'a, wanda ke aiki na tsawon shekara 3 kafin a sabunta shi.

Duk da haka, ba kowa ke son ƙofar ba. Ƙungiyoyin kare hanyoyin ƙafa irin su Ramblers da Open Spaces Society sun sha nuna adawa idan rufewar za ta toshe hanyar da mutane suka saba yankewa zuwa makaranta, kanti ko tashar bas. Tsoho mai sanda da mai keken guragu su ne zagaye ya fi yi wa nauyi. Wasu mazauna na ganin ƙarfen yana sa unguwa ta yi kama da kurkuku, yana kuma shaida wa mai neman sayen gida cewa wurin ba lafiya. Akwai kuma darasin da nazarin 2018 ya jaddada: ƙofa tana aiki ne inda aka shawarci mazauna tun farko, suka kuma ɗauki nauyin kulle ta. A layin da 'yan haya ke yawan sauyawa, makullai na ɓacewa, a bar ƙofa a buɗe. Idan kuma shara ta ci gaba da taruwa bayan an kulle, to an san ba baƙo ba ne, sai zargi ya koma tsakanin maƙwabta.

Daga juji zuwa lambu

Inda ƙofar ta zauna da kyau, wani abin da ba a tsara ba yakan biyo baya. Da zarar lungu ya zama na masu makulli kaɗai, sai wani ya fito da benci, wata ta ajiye tukunyar fure. A 2013 jaridun Birtaniya sun yi ta yaɗa hotunan wani lungu a Middlesbrough da mazauna suka cika da furanni da kujeru bayan an sa masa ƙofa. A 2015 mazauna wata unguwa a kudancin Belfast, a Ireland ta Arewa, suka yi irin wannan a lungun da aka sani yanzu da Wildflower Alley, wanda ya zama abin koyi a birnin. Kullen annobar korona da aka fara a watan Maris na 2020 ya ƙara wa abin ƙarfi, domin mutanen da ba su da lambu sun rasa inda za su sha iska, sai suka waiwayi bayan gidajensu. Ana shuka tumatir, ganyaye da furanni a tsofaffin tayoyi da bahon wanka, ana fentin ƙofofi, yara kuma sun dawo wasa.

Masu gine-gine ma sun gwada tasu dabarar. A unguwar Langworthy ta Salford, kamfanin Urban Splash ya sabunta wasu layukan gidajen jere da aka sa wa suna Chimney Pot Park, inda aka mayar da gurbin lungu wurin ajiye motoci, aka rufa shi da dandamali mai lambu a sama. A wajen Birtaniya ma akwai irin wannan yunƙuri: birnin Montreal na Kanada yana da ɗaruruwan lunguna da mazauna suka shuke, Chicago ta Amurka kuma ta fara shirin sauya daɓen lungunanta a 2006 domin ruwan sama ya riƙa nutsewa.

Sai dai lambun lungu yana da rauninsa. Sau da yawa mutum biyu ko uku ne ke ɗauke da aikin, kuma idan suka tashi ko ƙarfinsu ya ƙare, ciyawa takan cinye wurin. Akan kuma sami saɓani tsakanin mai son furanni da mai son shigo da motarsa, ko tsakanin masu hira da dare da ma'aikacin da zai yi sammako.

Abin da ke raba ra'ayi

Idan aka tattara, ra'ayin mazauni ya fi danganta da matsayinsa a layin. Mai gidan kansa da ya daɗe a unguwa ya fi damuwa da lungu, ko ta hanyar ƙorafi ko ta hanyar gyara, domin darajar gidansa na tattare da shi. Ɗan haya na ɗan lokaci yakan ɗauke shi wurin ajiye shara kawai. Masu ƙananan yara suna son a kulle, mai yanke hanya yana son a buɗe. Faɗin lungun ma yana da tasiri: mai faɗi yana karɓar mota da fitila da benci, matsattse kuwa ko rana ba ta cika shiga. Wannan ya sa a birni ɗaya, har a unguwa ɗaya, ake samun lungun da ake kai baƙi su gani, da wanda ake gargaɗin yara kada su leƙa.

Inda labarin ya taɓo Najeriya

Turawan mulkin mallaka sun zo da wannan tsari ƙasashen da suka mallaka. A unguwannin da suka yanka fulotai a jere, irin su Sabon Garin Kano da tsakiyar Kaduna, an bar siririyar hanya a bayan gidaje domin masu kwasar bokitin bayan gida, a ƙarƙashin sa idon jami'an duba-gari. Da aka daina amfani da bokiti, waɗannan hanyoyi sun gamu da irin ƙaddarar takwarorinsu na Ingila: wasu sun zama juji da magudanar ruwa, wasu kuma maƙwabta sun ja katanga sun haɗiye su.

Lungun tsohon birni irin na Kano, Zariya ko Katsina daban yake. Shi ƙofofin zaure ne ke kallonsa, ta nan ake shiga gida, dattawa na zaune a dakali, baƙo kuma ba ya wucewa ba a tambaye shi gidan da yake nema ba. Wannan idon jama'a shi ne abin da lungun bayan gidan jere ya rasa tun da aikinsa ya ƙare, shi ne kuma mazauna ke ƙoƙarin dawo da shi da makulli da tukwanen furanni. Ga ɗalibai da ma'aikatan Najeriya da ke kama haya a irin waɗannan unguwanni a yau, saboda sauƙin kuɗinsu, yana da kyau kafin a sa hannu a takarda a zagaya baya a duba: ko akwai ƙofa, wa ke riƙe da makulli, ina ake ajiye shara, kuma ko majalisar birni ta karɓi lungun ko yana kan masu gidaje.